Tallafin gidaje da lafiyar yaran zango: Wanne ne ke isa ɗakin da suke kwana?

Dokar haya ta ƙasar Gana, wadda aka kafa tun 1963, ta hana mai gida karɓar kuɗin haya na gaba da ya wuce na wata shida. Haka abin yake a rubuce, har da ofishin gwamnati da aka ɗora wa sasanta mai gida da ɗan haya. To amma duk wanda ya taɓa neman ɗaki a Nima ko Mamobi ko nan Kawukudi ya san dokar da ke aiki a ƙasa daban ce: shekara biyu, kuɗi hannu. In ka yi sa'ar mai gida mai tausayi, ko kuwa garinku ɗaya can gida, ya karɓi shekara guda. Ga ejan, dillalin ɗaki, yana jiran nasa kashi goma cikin ɗari, ban da ɗan abin da ka ba shi ranar da ya zagaya da kai lungu-lungu. Wannan shi ne adibans, kuma ban san wata kalma da ke hana magidancin zango barci kamarta ba.

Mu 'yan kasuwa mun saba lissafa adibans a matsayin asarar jari: kuɗin da ya kamata su juya a kasuwa sun je sun kwanta a aljihun wani. Gaskiya ne. Amma akwai mai biyan wani kaso na kuɗin nan da ba a taɓa shawartarsa, kuma ba da sidi yake biya ba, da jikinsa yake biya. Yaro nake nufi, musamman ɗan ƙasa da shekara biyar.

Mu yi lissafi irin namu. A ce ɗaki ɗaya sidi 300 ne a wata. Shekara biyu ta kama 7,200, ejan ya ɗauki 720. Mai tallan takalma a shataletalen Kwame Nkrumah, da muke kira Sakul, ko mai gadi, ko baiwar Allah da ke suyar ƙosai a bakin titin Nima, daga ina za su tara wannan a dunƙule? Daga tukunya. Wata huɗu ko biyar kafin wa'adi ya cika sai ka ga nama ya ɓace daga miya, ƙwai da madara sun zama na ranar Salla, gari da ruwa da ɗan sukari sun zama abincin rana. Yaro ya yi zazzaɓi, maimakon a je a gwada jini, sai a aiki yayarsa kemis ta sayo rabin magani. In an samu an biya mai gida, sai a shiga biyan bashin da aka ci. In ba a samu ba, sai a ɗaure kaya a koma ɗakin da ya fi araha, kuma a unguwannin nan an san ɗaki mai araha: wanda ke bakin gwata, ko marar taga, ko wanda ƙasansa ke tsattsafo da ruwa da damina.

Shi ya sa duk lokacin da na ji an ce gwamnati ko wata ƙungiya ta fito da tallafin gidaje, tambaya ɗaya nake yi: abin zai shiga ɗakin da ɗan talaka ke kwana a daren yau, ko kuwa? Da wannan ma'aunin nake so mu auna abubuwan da aka yi a shekarun nan.

Ɗakin da ake magana a kai

Ga mai karanta mu daga Kumasi ko Lome ko Abijan, ko daga can gida, bari in ɗan kwatanta. Nima ta faro ne a shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa, Bafulatani mai fataucin shanu, ya nemi fili a hannun mutanen Ga ya zauna da jama'arsa. A lokacin bayan gari ne, wajen iyakar birnin Akra, ko Ankara kamar yadda iyayenmu ke cewa, saboda haka ba wanda ya zo ya yanka tituna ko ya ja magudanar ruwa. Zamanin yaƙin duniya na biyu aiki ya samu a barikokin soja da filin jirgin da ke kusa, mutane suka kwararo daga arewacin Gana da Najeriya da Nijar da Mali da ƙasar Mosi. Duk wanda ya zo sai a ƙara masa ɗaki a jikin ɗaki. Yau manyan gidajen Kanda da Kantonment sun kewaye mu, Babban Masallacin Ƙasa da Turkawa suka gina aka buɗe a 2021 yana haskawa a nan gefenmu, amma in ka sauka daga titi ka shiga ciki, akwai lungun da mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkace.

Gidan yawa na zango ɗakuna ne kewaye da tsakar gida, goma, sha biyar, wani har ashirin, kowane ɗaki da iyalinsa. Miji da mata da yara huɗu ko biyar a ɗaki guda ba abin mamaki ba ne, ga ƙanin miji da ya zo daga gida neman kuɗi. Rufin kwano, sau da yawa ba silin. Taga ɗaya, ita ma a rufe saboda ɓarayi da wari. Girki da gawayi a baranda, daidai inda mai rarrafe ke wasa. Da dare zafi ya hana shiga gidan sauro, ko da ma za a shiga, ina za a ɗaura guda uku a ɗakin da kaya suka cinye rabinsa? Sai a kunna maganin sauro mai hayaƙi a rufe ƙofa, yara su kwana suna shaƙa.

Ba sai mutum ya yi karatun likita ba kafin ya san abin da irin wannan ɗaki ke haifarwa. Mura in ta kama ɗaya sai ta zagaye kowa, haka ƙazuwa da makero. Tarin fuka, da ke yaɗuwa a iskar da ba ta samun mafita, a nan yake samun gindin zama. Bango mai danshi yana yin fumfuna, ita kuma tana tayar da asma. Ƙunar garwashi da ta ruwan zafi kuwa, duba hannayen yaran gidan yawa ka ƙirga tabo.

Uwa uba shi ne bayan gida. Da can gidaje da yawa suna da na bokiti, wanda ake zuwa a kwashe da dare. A 2008 Kotun Ƙoli ta umarci hukumar birnin Akra ta kawar da shi, kuma hukunci ne mai kyau, don wannan ba kayan da ya kamata ɗan Adam ya ɗauka a ka ba ne. To me ya biyo baya? Masu gidaje da yawa, maimakon su gina wani a madadinsa, sai suka share wurin, suka shafa siminti, suka sa ƙofa, ya zama ɗakin haya. Na san gidajen da aka yi haka, kuma masu su ba baƙi ba ne, namu ne, sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci. Jama'ar gida kuma aka bar su da bayan gidan kuɗi na unguwa, inda ake jan layi tun asuba.

Babba zai iya daurewa ya bi layi. Ɗan shekara uku mai gudawa da ƙarfe biyun dare fa? Babu uwar da za ta goya shi ta ratsa lunguna cikin duhu sau biyar, ta kuma biya sau biyar. Fo ne ko leda, daga nan sai gwata. Gwatar nan ita ce ke bi ta ƙofar maƙwabci, cikinta yara ke shiga ɗauko ƙwallo, a gefenta ake sayar da abinci, ta cikinta kuma bututun ruwan famfo ke ratsawa, wani a fashe an ɗaure da roba. Duk ta tattara ta faɗa babbar gwatar da ta raba Nima da Mamobi, ta gangara ta Paloma zuwa kogin Odaw. A 2014 kwalara ta kama kusan mutum 29,000 a ƙasar nan, sama da 240 suka rasu, kuma mafi yawan waɗanda suka kamu a yankin Akra suke. Shekara ta zagayo, daren 3 ga Yuni 2015, Odaw ya cika ya malale Sakul, gidan mai ya kama da wuta, mutum fiye da 150 suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙan su. Kowa na tuna wutar. Ba a cika tuna makonnin da suka biyo baya ba, lokacin da iyalan bakin gwata suka kwashe laka daga ɗaki suka shimfiɗa wa yara katifar da ba ta gama bushewa ba.

Gudawa ɗaya ba ta cika kashe yaro ba in an ba shi ruwan gishiri da sukari da wuri. Maimaituwarta ce bala'in. Yau gudawa, wata mai zuwa zazzaɓin cizon sauro, ga tsutsar ciki tana cin rabonsa, sai jini ya yi ƙasa, yaro ya tsumbure, mu kuma mu ce ai gajere ne kamar kakansa. Shekarun farkon nan su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ke ginuwa, abin da aka rasa a cikinsu da wuya ya dawo duka. Inshorar lafiya da aka kafa a 2003 ta taimaka, ba a musu, tunda yara 'yan ƙasa da shekara 18 ba sa biyan kuɗin shekara irin na manya. Amma likita ya rubuta magani, yaro ya warke, sai a mayar da shi ina? Ɗakin da ya ɗauko cutar.

Gidajen hoto da bashin adibans

Bayan ƙidayar 2021 hukuma ta ce ƙasar nan na da giɓin gidaje wajen miliyan 1.8. Amsar da 'yan siyasa suka fi so ita ce babban rukunin gidaje, don shi ne ke yin kyau a hoto. A 2012 majalisa ta amince da bashin dala miliyan 200 don gina gidaje 5,000 a Saglemi, can wajen Ningo-Prampram kan hanyar Aflao. Wajen 1,500 aka ɗaga, shekaru suka yi ta wucewa ba wanda ya tare, ciyawa ta rufe ƙofofi, kowace jam'iyya na ɗora wa ɗaya laifi. Ni ba wannan rigimar ce ta dame ni ba. A ce ma an gama su tsaf, mai sayar da koko da ke tashi ƙarfe ukun dare, masu sayenta duk a Mamobi suke, ta yaya za ta zauna a Saglemi? Kuma wane banki zai ba ta bashin sayen gida ba takardar albashi? Irin waɗannan gidajen na ma'aikaci ne mai ɗan hali. Allah Ya sa alheri, amma kada a sa su a lissafin ɗan talaka.

Wanda ya fi kusa da ciwon shi ne shirin tallafin kuɗin haya na ƙasa, da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Dokta Mahamudu Bawumia, ya ƙaddamar ranar 31 ga Janairu 2023 da sidi miliyan 30. Tsarinsa mai sauƙi ne: a biya mai gida adibans ɗinsa kai tsaye, kai kuma ka riƙa mayarwa wata-wata. Wanda ya tsara wannan ya san inda ke yi mana ƙaiƙayi, don ɗan kasuwa na iya biyan wata-wata, dunƙulen ne ke karya shi, kuma dunƙulen ne ke shiga tukunyar yara.

Sai dai duba sharuɗɗan. Dole ka zama ɗan ƙasa mai katin Gana. Dole a ga shaidar aikinka da abin da kake samu, ta takardar banki ko ta momo. Kuma kada hayar ta wuce kashi 30 cikin ɗari na abin da ke shigowa gidan. Wato ɗakin nan namu na sidi 300 sai mai iya nuna sidi 1,000 a wata a rubuce. Ɗan'uwanmu da ya zo daga Doso ko Birnin Ƙonni ko Sakkwato, ya shekara goma sha biyar yana tura kura a kasuwa, 'ya'yansa duk a nan aka haife su, sharaɗin farko ya fitar da shi. Mai ƙosai da cinikinta ke ƙulle a bakin zane, na biyu ya fitar da ita. Su kuwa su ne masu yaran da suka fi kwanciya asibiti. Sannan miliyan 30 ɗin, in ka raba da 7,200, iyali dubu huɗu da 'yan kai ne a zagayen farko, ga jihohi shida da aka fara da su. Kuma bashi ne fa, ba kyauta ba. Wani abin dariya ma, gwamnatin da dokarta ta ce wata shida ita ce ke ranta maka kuɗin da za ka biya abin da ya wuce wata shida.

Duk da haka ina ba 'yan'uwa masu katin ƙasa shawara: ku riƙa bi da cinikinku ta momo ko banki, ko da za ku cire a ranar. A zamanin nan wanda ba shi da shaida a rubuce, kamar bai taɓa cin riba ba ne. Ga hukuma kuma, a Amurka gwamnati ba ta biya wa talaka haya sai an zo an duba gidan an ga ya cika sharaɗin lafiya. Mai biyan kuɗi shi ke da ƙarfin sa sharaɗi, kuma shi nake so in ga an riƙe da gaske a nan: gidan da ba bayan gida, kada kuɗin gwamnati ya shiga aljihun mai shi.

Tallafin da ya shigo tsakar gida

Abin da na ga ya shigo har cikin gidajen talakawa da ƙafarsa, ba a ma kira shi tallafin gidaje ba. Shirin tsafta da ruwa na yankin Akra ne, da ake kira GAMA, wanda Bankin Duniya ya ba dala miliyan 150 a 2013. Mai gida ya je ofishin asembili ya yi rajista, ya biya ƙaramin kaso, shirin ya cika sauran, a zo a gina masa bayan gida mai akwatin narkar da ƙazanta, wanda ba ya buƙatar babban rami. Wannan shi ne sirrin, don a zango fili ne babu. Sama da guda 27,000 aka gina a zagayen farko, daga baya aka faɗaɗa shirin zuwa Kumasi. Gidajen da na sani da suka samu, matan gidan ne suka fi kowa godiya: yarinya budurwa ta daina fita lungu da dare, an daina ajiye fo a ƙarƙashin gado har gari ya waye, kuɗin layi kuma ya koma kuɗin koko.

Kada dai a ɗauka bayan gida ɗaya ya gama magana. A Maputo, babban birnin Mozambik, an gina wa gidajen yawa irin namu bayan gida mai kyau, masana suka bi yaran suna gwada su. Ba su ga ƙwayoyin cutar ciki sun ragu a yaran gaba ɗaya ba, sai a waɗanda aka haifa bayan an gina ne aka ga alamar sauƙi. Dalili a fili yake: yaro ba a gidansu kaɗai yake wasa ba. In gidanku tsaf ne, na maƙwabci na zubarwa a gwata, ƙuda bai san iyaka ba. Aikin sai an yi shi lungu guda, ba gida guda ba. A nan ne shirin GARID ya shigo, wanda aka amince da shi a 2019 kan dala miliyan 200 don magance ambaliyar Odaw, aka kuma sa Nima cikin unguwanni uku da za a gyara wa magudanai da hanyoyin cikin unguwa, tare da Alogboshie da Akweteyman. Asusun raya zango da aka kafa a 2017 shi ma ya yi ajujuwa da fitilu da filayen ƙwallo masu ciyawar roba. Ba ni da faɗa da ƙwallo, 'ya'yana ma suna bugawa, amma da ni aka tambaya, da gwata da bayan gida na sa a gaba.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na bi labarin wasu ƙasashe shi ne ƙanƙantar abin da ke kawo babban canji. A jihar Kowahila ta ƙasar Meziko, daga shekarar 2000, gwamnati ta riƙa kai wa talakawa kwaɓaɓɓen siminti kyauta su dabe ɗakunansu na ƙasa, su da maƙwabta ke yin aikin. Masu bincike suka kwatanta yaran da na garuruwan da ke tsallaken iyakar jihar, inda shirin bai kai ba. Inda aka dabe ƙasan gida duka, tsutsar ciki ta ragu da kashi 78 cikin ɗari, gudawa da kashi 49, ƙarancin jini da kashi 81, yaran kuma suka fi kaifin fahimta a gwaji. Siminti kawai! A Gambiya, wajen Farafenni, aka sa wa gidaje ragar sauro a taga da ƙofa ko a silin. Sauron da ke shiga ɗaki ya ragu da wajen rabi, haka yaran da ke fama da ƙarancin jini. Wani bincike da ya fito a 2020, da ya haɗa yara sama da 800,000 a ƙasashe 33 na Afirka, ya nuna masu zama a ingantaccen gida sun fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro da gudawa da tsumburewa da ƙarancin jini. Duk cikin waɗannan ba inda aka ce sai an gina bene.

To a kwashe mu mana?

Akwai masu cewa zango ba ya gyaruwa, a rushe kawai a sake. A 2019 ministan ayyuka da gidaje na lokacin, Samuel Atta Akyea, ya yi maganar mayar da Nima unguwar zamani mai dogayen gine-gine, aka ce masu wurin za su samu nasu a ciki. Hankalin mutane bai kwanta ba, kuma ban ga laifinsu ba. Mai gida yana da takarda ko tarihi da zai nuna. Ɗan haya, wanda shi ne mafi yawa, me zai nuna? Mun kuma ga yadda aka rushe wani yanki na Old Fadama makonni kaɗan bayan ambaliyar 2015, dubban mutane da 'ya'yansu suka kwana a fili cikin damina.

Amurkawa sun gwada kwashe talakawa da tsari. Daga 1994 zuwa 1998, a birane biyar, aka yi wa iyalai wajen 4,600 ƙuri'a, wasu aka ba su takardar biyan haya su koma unguwa mai dama-dama. Iyaye mata sun samu sauƙin ciwon sukari da damuwa. Yaran da suka koma kafin su kai shekara 13, da suka girma sun fi takwarorinsu samun kuɗi da kusan kashi 31 cikin ɗari. Waɗanda suka koma da girmansu kuwa ba su amfana ba, wasu ma baya suka ci. Ƙaura kanta tana da ciwo. Mu ma mun sani: duk tashi ɗaya, littafin awo ya ɓace cikin kaya, allurar rigakafi ta wuce, an bar makaranta da makarantar allo, an bar tsohuwar da ke riƙe jariri in uwa ta tafi kasuwa. A zango maƙwabci rabin asibiti ne.

Misalin da ya fi burge ni yana nan kusa, a Ashaiman, unguwar Amui Dzor. Mazauna wurin suka yi adashi na shekaru ƙarƙashin ƙungiyar talakawan birni ta Gana, basaraken Tema ya ba da fili, hukumar gidaje ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsaya musu wajen banki. Aka gina bene mai ɗaukar iyali 31, ƙasansa shaguna da bayan gidan kuɗi, abin da suke kawowa yana rage nauyin bashin. Ba a kai kowa daji ba. Kaɗan ne ƙwarai in aka kwatanta da buƙata, amma adashi dai sana'armu ce, ba sai an koya mana ba.

Namu laifin

Yanzu bari in taɓo inda ba a so. Da yawanmu da ke kukan adibans muna da gini can gida. Ɗaki shida, an yi fenti, an sa get, ba kowa ciki sai ƙadangaru, ana zuwa sau ɗaya a shekara biyu. Wani kuma filinsa na Kasuwa, wato Kasoa, ya shekara goma yana dasa bulo ɗaya-ɗaya. Ba laifi ba ne mutum ya yi tanadin tsufa, ni ma ina yi. Amma yaran da ake cewa don su ake ginin, a nan suke girma, bakwai a ɗaki, kuma shekara biyar ɗin farko ba ta jiran a gama rufi. Kuɗin get ɗin nan kaɗai zai sa raga a taga, ya buɗe taga ta biyu iska ta ratsa, ya dabe ƙasa ya ɗaga dokin ƙofa kada ruwa ya shigo, ya sayi ƙaramin gas a daina hayaƙin gawayi a kan jariri. Abin da muke kashewa a anko da kanofi da makaɗa ranar suna kuwa, bari in yi shiru, kada Hajiyoyi su daina sayen kayana.

Masu gidaje su ma suna da uzurinsu, a yi musu adalci. Yawancin gidajen nan na gado ne, magada ashirin, wasu a Jamus, wasu a Saudiyya, ba mai ikon cewa a fasa ɗaki ɗaya a yi bayan gida, don ɗakin rabon wani ne. Ɗan haya kuma yana tsoron ya gyara da kuɗinsa, wa'adi na cika a ƙara masa haya saboda ɗakin ya yi kyau. Maganin wannan rubutu ne: a zauna gaban limami ko mai unguwa ko asembiliman, a rubuta abin da ɗan haya ya kashe, a cire daga haya ko a ƙara masa watanni, kowa ya sa hannu.

Na ga an yi haka a wani gida a Mamobi mai ɗaki goma sha huɗu. Matan gidan ne suka fara, suka yi adashi wata takwas, suka tara kason da ake nema. Dattijon da ke riƙe da gidan ya yi ta buga waya yana lallashin 'yan'uwansa har suka sadaukar da wani ɗan sito da ke bayan gidan. Aka gina guda biyu, na maza da na mata. Ranar da aka gama sai ga dattijo da kwaɗo biyu, ya ce makulli na hannun manya, yara su ci gaba da yadda suka saba.

Wata mai 'ya'ya huɗu ta durƙusa ta ce, "Baba, in yara ba za su shiga ba, to kuɗin me muka tara?"

Ya ce, "'Yata, yara ɓata wuri suke yi. Wata uku za su lalata shi."

Ta ce, "Baba, mu za mu wanke. A sa mana rana-rana."

Sai da aka kai maganar gaban limamin unguwa. Aka tsaya a kan a kafa ƙusa daidai tsayin ɗan shekara biyar a rataye makullin, ƙanana kuma su yi a fo a juye a ciki, ba a gwata ba, a ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa. An manna takardar wanki a bango, ɗaki-ɗaki, Asabar zuwa Juma'a. Abin da har yanzu ba su daidaita a kai ba shi ne ruwa: ranar da famfo bai kawo ba, wa zai sayi jarkar wankin, mai ranar ko gidan duka? Masu yara da yawa sun ce gidan duka, gwauraye sun ce ba su yarda ba.